Inda Zuma Take Kwana a Dutse

Shekarar da Baba ya faɗi a gona, ni aka kawo wa shi Dutse. An gama yankan dawa ke nan, ya sunkuya zai ɗaga dami, sai ɓarin jikinsa na hagu ya ƙi bin sa. Daga ƙauyenmu da ke wajen Buji aka ɗauko shi kwance a bayan a-kori-kura, ƙaiƙayi duk a gemunsa. Ya yi 'yan makonni a asibiti aka sallame mu. Baki ya koma daidai, hannu ya ɗan farfaɗo, ƙafa kuwa ta ce ba da ita ba, sai jan ƙasa take yi. Innarmu ta daɗe da rasuwa, ƙannena maza suna Kano kowa da iyalinsa a ɗakin haya, saboda haka ba a ma tsaya shawara ba, gidana aka yo da shi.

To, gidana gidan suruki ne, wanda ya san mutanenmu ya san abin da nake nufi. Maigidana bai rage komai ba, Allah Ya saka masa. Ya share shagon da ke jikin zaure, ya sa katifa da fanka, ga shi ma a Ringim yake aiki, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Duk da haka in Baba ya ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida sai ya rufe kwanon tuwo ya ture gefe. Ga kuma ni 'yar fari ce. Tun da na zo duniya Baba bai taɓa kama sunana ba, bai taɓa duban tsabar idona ba. Ina ƙarama "ke" nake, da na fara koyarwa a firamare na samu ƙarin girma na zama "Malama". Magana tsakaninmu ba ta wuce gaisuwar safe.

Likitan gashin ƙashi bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ƙafar nan tafiya take so. In ana taka ta kullum za ta dawo, in aka bar ta jijiya za ta ƙage, in kuwa ta ƙage shi ke nan, sai keken guragu har ƙarshen rayuwa. Ya durƙusa gaban Baba cikin ladabi ya ce, "Baba, kullum da yamma a riƙa fita ana zagayawa."

"A zagaya ina?" in ji Baba.

"Ko'ina, Baba. Tafiya dai kawai."

"Wurin wa?"

"Ba wurin kowa ba. A je a dawo."

Sai da muka shiga keke za mu gida ya dubi titi ya ce, "Malama, yaron nan kuwa lafiyarsa ƙalau?"

A wurin Baba da duk sa'anninsa na ƙauyenmu, namiji ba ya tafiya sai da dalili. Ana zuwa gona, ana zuwa kasuwa, ana zuwa masallaci, ana zuwa dubiya da gaisuwar mutuwa. Amma dattijo mai furfura ya fito ya miƙi hanya bai nufi kowa ba, ya je ya juyo hannu rabbana mutane suna kallo, wannan a garinmu sunansa taɓin hankali. Baba ya ce ciwon ƙafa ya ishe shi, ba sai an ƙara masa da sunan hauka a garin mutane ba.

Na yi lallashi, na yi magiya, na yi fushi na daina, na dawo na sake. Na sa rai da masallaci, sai maƙwabta, don tsabar kirki, suka riƙa shimfiɗa tabarmar salla a ƙofar gidanmu wai kada Baba ya wahala. Wallahi ranar da na leƙo na ga sahu a bakin zaurenmu kamar in ɗora hannu a ka in yi ihu. Wata abokiyar aikina ta ce in riƙa ƙirƙiro masa aike. Aike? Uban nawa zan aika sayen daddawa? Haka sanyi ya wuce Baba yana zaune a tabarma, carbi a hannu, ido a bango. Kullum da safe in na kai masa koko sai in saci kallon ƙafar, in ga ta ƙara sirancewa, yatsun sun fara lanƙwashewa ciki. Tsoro nake ji, tsoro sosai, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Sai bazara ta shigo da zafinta. Akwai famfo a bakin zaurenmu da ya daɗe yana ɗiga, na gaji da kiran mai gyara na ƙyale shi. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar ƙudan zuma sun yi dafifi a lemar da ke gindinsa. Ni da nake da yara a gida! Na ruga ciki na ɗauko maganin ƙwari, na girgiza gwangwanin zan fesa.

"Kul!"

Na tsaya cak. Tun da ya kwanta ban ji muryar Baba ta fito haka ba.

"Me ta yi miki? Ruwa ta zo sha."

Na manta, ko in ce birni ya mantar da ni, cewa Baba mai zuma ne. Lokacin da yake da ƙarfi babu ɗorawa ko tsamiya a gefen garinmu da ba ta ɗauke da amyarsa, dogon kwandon nan na ciyawa da ake yaɓewa da kashin shanu, a turara, a ɗora a reshe zuma ta shiga. Muna yara hannunsa ƙanshin hayaƙi da kaki yake yi ko ya wanke. Shi ba ya cewa ƙudan zuma, zuma kawai yake cewa.

Ya ja jiki zuwa bakin ƙofa ya zauna yana kallo har la'asar. Can ya ce, kamar da famfon yake magana, "Garin nan duk siminti da kwano. A ina take kwana?"

"Ina na sani, Baba?"

"Ai kuwa tana da gida. Ba a titi take kwana ba."

Ya sa na nemo kasko, na zuba tsakuwa da ruwa, ya murmushe dabino a ciki da hannunsa mai lafiya. Kafin a jima zuma ta bar famfo ta dawo kasko. Ya ɗebi garin gero da yatsu ya barbaɗa wa wata a gadon baya, ta yi fari fat. Ya ce in tsaya yadda rana za ta haske ta, in zuba ido. Ta sha ta ƙoshi, ta tashi da ƙyar, ta yi kewaye a saman kanmu, sannan ta miƙe ɗoɗar ta bi ta saman katangar maƙwabta, ɗigon haske yana ƙanƙancewa har ya ɓace. Baba ya ce in zuma ta ƙoshi ba ta yawo, gida take nufa. Mai neman gidanta sai ya ɗauki kaskon ya matsa gaba ta inda ta bi, ya sake ajiyewa, ya sake dubawa. Da mai farin bayan ta dawo ya girgiza kai ya ce ta daɗe, gidan da nisa.

Washegari na dawo aiki na tarar ya sa hula, sanda a jingine a gwiwarsa. "Ɗauko kaskon," ya ce. Na shiga ciki da sauri, na tsaya bayan ƙofa na share hawaye da bakin hijabi, sannan na fito da kasko da buta.

Ranar farko ƙarshen layinmu kawai muka kai, shi ma da hutu-hutu. Yana gaba yana jan ƙafa tana zana layi a rairayi, gumi ya jiƙa masa riga, ni ina baya, don 'ya ba ta jerawa da uba. A ƙarshen layin akwai kango. Wani ma'aikaci ne ya kewaye filin da bulo, aka yi masa canjin wurin aiki, ya tafi ya bar wa Allah. Shekaru ina wucewa ta wurin safe da rana, abin da na sani kawai shi ne ana jefa leda a ciki. Ranar nan da muka zauna a kan guntun bulo muna jiran zuma ta ƙoshi, ba ni da aikin yi sai kallo, sai na ga ashe gari ne guda. Tumfafiya ta yi fure, yaɗiya ta naɗe magarya. Malam-buɗe-littafi masu ruwan goro da baƙin baki da ɗigo-ɗigon fari suna ta shawagi a hankali, ba sa sauri, ba sa tsoron kowa. A bayan ganyen tumfafiya ga tsutsa mai zane-zane tana cin ganye, ga wani ɗan abu kore a rataye kamar ɗanyen dabino, da ɗigon ruwan gwal a wuyansa. Na nuna wa Baba da baki. Ya ce, "Ƙyale shi, barci yake. In ya farka zai tashi sama." Bayan 'yan kwanaki da muka biyo, sai ɓawon muka tarar a buɗe, iska tana kaɗa shi.

Haka muka kama. Kullum bayan la'asar mu fita, mu je inda muka tsaya jiya, mu zuba ruwa, zuma ta taru, Baba ya barbaɗa gari, mu duba, mu matsa gaba gwargwadon abin da ƙafa ta yarda. Wata rana tsawon gida biyu, wata rana ko ɗaya ba ma cikawa.

Bayan kangon sai wurin masu wankin mota. Ruwan da suke zubarwa yana gangarawa ya jiƙa rairayi a gefen titi, a nan malam-buɗe-littafi farare da rawaya suke taruwa su yi cincirindo, fuka-fukai a tsaye, suna tsotson ƙasa. In babur ya gifta su tashi gaba ɗaya, su cika iska, su sake sauka a inda suke. Na shagala da kallonsu har Baba ya yi gyaran murya. Masu wankin suka dube mu, tsoho da sanda, mace da kasko, wani ya ce, "Baba, me ake sayarwa?"

Baba ya ɗago kai, ya gyara tsayuwa. "Zuma muke bi. Gidanta muke nema."

"A nan Dutse? Allah Ya ba da sa'a!"

Shi ke nan, magana ta zagaya unguwa. Daga ranar duk inda muka gifta sai ka ji, "Baba mai zuma, an gano?" Shi kuma ya ce, "Da saura." Mai shayi ya riƙa tsayar da shi wai ya ga wasu sun bi ta gabas, mai faci ya ce ƙarya ne, ta kudu suka bi. Mutumin da yake gudun a ce ya taɓu, ga shi yana tafiya a tsakiyar titi kansa a ɗage, domin kowa ya san abin da ya fito yi.

A bayan wata makarantar firamare muka fi daɗewa. Akwai jerin darbejiya a jikin katangar, lokacin sun yi fure, ga shingen lalle shi ma ya buɗe. Ƙanshin wurin da yamma yana sa kan mutum ya yi nauyi. Bishiyoyin gaba ɗaya gunji suke yi ƙasa-ƙasa, in ka rufe ido sai ka rasa a kunnenka abin yake ko a ƙirjinka. Ƙananan furanni suna ta zubo mana a ka. Zuma ta samu abin da ya fi dabinonmu, ta ƙi kula kasko, Baba kuwa bai damu ba. Muka riƙa zuwa muna zama a saiwa, kurciya tana kuka, wani ɗan tsuntsu mai dogon baki da ƙyallin wuya yana rataye a reshen lalle kai ƙasa. Lokaci yakan tsaya a wurin nan. Sai in ji kiran magariba daga nesa in rasa yadda aka yi rana ta tafi.

A nan ne Baba ya fara hira, amma ba da ni ba, da bishiya. Ya kafa wa darbejiya ido ya ce, "Shekarar da aka haifi wata yarinya a gidanmu, ina kan ɗorawa ina ɗaura amya aka zo aka gaya mini. Na ƙi saukowa. Kunya. Mutane a ƙasa suna ta dariya. Har rana ta faɗi ina sama." Can ya ƙara da cewa, "Amyar nan kuwa ba ta kwana biyu ba zuma ta shiga. Ban taɓa samun mai albarka irinta ba." Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin buta. Da na yi magana da kuka zan yi, shi kuma da na yi kuka da ba zai ƙara ba. Na yi shekaru ina zaton mutumin nan bai san ranar da na zo duniya ba.

Ba kullum abin yake daɗi ba. Wata yamma wajen tsallaka kwalbati sandar ta zame, Baba ya tafi ƙasa gaba ɗaya, hula ta yi gefe. Na yar da kasko na kama shi, ya ce, "Sake ni!" da wata murya da ta sa hannuna ya mutu. 'Yan acaba ne suka ɗaga shi suka kawo shi gida. Ranar na zazzage fushina a kan kowa, yara suka sha faɗan da ba su san dalilinsa ba, na tsine wa zuma da kwalbati da wanda ya gina shi. Baba ya koma tabarma ya juya fuska bango. Kwana ya bi kwana bai ce a ɗauko kasko ba, ni kuma ina gani da idona ƙafar ta fara komawa gidan jiya.

Da abin ya ishe ni na sayi sabon kasko na tafi ni kaɗai. Na zuba ruwa da dabino, na barbaɗa gari a kan wadda ta fara sauka, na bi ta da ido yadda aka koya mini. Na dawo da murnata na durƙusa a bakin shago na ce, "Baba, na gano. Ta juya yamma, ta shiga ƙarƙashin rufin wani shagon ɗinki."

Bai juyo ba. "Yaya ƙugunta yake?"

"Siriri, kamar an ɗaure da zare."

"Ƙafafu suna reto in ta tashi?"

"Ƙwarai kuwa."

Sai na ga kafaɗarsa tana rawa. Dariya yake yi, har da tari. "Malama, rina kika bi. Allah Ya rufa asiri ba ta harbe ki ba." Ya lallaɓa ya tashi zaune yana share ido. "Miƙo sandar nan. In aka bar miki aikin nan sai ki kai mu gidan zanzaro." Na sha dariya a rayuwata, amma ban taɓa jin daɗin wadda aka yi mini irin ta ranar ba.

Muka ci gaba. Muka ratsa babban titin nan mai fitilu, inda aka shuka furanni ja da ruwan hoda a tsakiya, motar ruwa tana ba su sha. Zuma ta bi ta samansu ko kallo ba su ishe ta ba. Baba ya sunsuna ɗaya ya yar, ya ce furen gwamnati ne, ado kawai. Daga nan hanya ta sauka cikin wani lambun dabino a gindin duwatsu. Wurin akwai sanyi ko a bazara. Kurege ya tsaya da ƙafa biyu ya dube mu ya shige rami. Alhudahuda yana caccakar ƙasa yana buɗe tukkunsa yana rufewa. Da rana ta yi ƙasa duwatsun suka koma ja, balbelu suka taso a jere suna komawa makwanci, haske ya bi ta tsakanin ganyen dabino ya kama kowane ƙwaro da ke iska, sai wurin ya cika da ɗigo-ɗigon zinariya masu tafiya. A cikinsu Baba yake gane nasa. Ya ɗaga sanda ya nuna, "Ga ta can." A lambun nan ne na lura layin da ƙafarsa take ja a ƙasa ya fara yankewa, ya ja kaɗan ya ɗaga, ya ja ya ɗaga. Na yi kamar ban gani ba, don na san in na faɗa zai tsargu.

Yanzu mai farin baya ba ta daɗewa take dawowa kasko. Baba ya ce mun kusa. Muka fita daga lambun, muka bi wata 'yar hanya, sai ga doguwar katanga a gabanmu, bishiyoyi sun yi duhu a bayanta. Zuma ta ƙoshi, ta tashi, ta tsallake katangar. Maƙabarta ce.

Na tsaya da buta a hannu. A nan mata ba sa shiga maƙabarta, ni ma ban taɓa tunanin shiga ba. Baba ya dubi ƙofar, ya gyara hula.

"Tsaya nan."

"Baba, ƙasar ciki ba daidai take ba. In ka faɗi fa? Bari in kira wani ya raka ka."

"In na faɗi ai an rage wa mutane ɗauka," ya ce. Ya yi sallama ga mutanen ciki, ya shiga.

Tun da ya kwanta ciwo bai taɓa yin taku ba sai ina bayansa. Na matsa jikin katanga, ta kawo mini kafaɗa, na hango farar rigarsa tana tafiya a hankali tsakanin sabara da aduwa, tana ɓacewa tana fitowa, har ta ɓace gaba ɗaya. Duk yawon da muka yi ban ga wuri mai rai irin wannan ba. Ba a sare ko reshe, ba a kiwo, ba a shara. Tsamiya da kuka sun girma yadda suka ga dama. Tsuntsaye iri-iri suna ta hayaniya, hawainiya tana taka reshe a hankali dab da fuskata. Malam-buɗe-littafi farare suna ta kwararowa ta saman katanga, su shiga su fito, ba wanda ya hana su. Na tuna Innarmu, da ban san ko ta wane gefe kabarinta yake ba, maza suka ɗauke ta suka dawo ba ita. Ga shi yau na rako ubana da ƙafata har ƙofar irin wurin, ya shige ya bar ni a waje. Na ce Ya Allah, ba yau ba. Ka dawo mini da shi ta ƙofar nan, a tsaye.

Inuwar katanga ta yi tsawo ta rufe hanya. Har na yanke shawarar in ta kama in shiga zan shiga, kowa ya faɗi abin da zai faɗa, sai na ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda. Ya fito da ƙarangiya a bakin wando, yana haki, fuskarsa kamar ta wanda ya dawo daga ɗaurin aure.

"Tana nan," ya ce. "Kogon tsamiya, can ƙurya. Tsohon gida ne, saƙar bakin har ta yi baƙi."

"Za a ɗiba?"

"A'a. Ta zaɓi maƙwabtan da ba sa damunta. A bar ta."

Ni dai ban taɓa ganin gidan ba, kuma ba zan gani ba. Abin da na sani shi ne abin da ya gaya mini a hanyar komawa, kuma ranar ya yi magana tun daga bakin maƙabarta har ƙofar gida.

Na ji tsoron tunda an gano, zai koma tabarma. Ina! Washegari ya ce shi babban masallaci za shi Juma'a. Bayan nan ya tafi kasuwa duba irin gero. Wata rana ya je maƙera ya dawo da sabon sungumi a kafaɗa. Ni sakarya ina ta murna ina buga wa ƙannena waya, Baba ya je nan, Baba ya je can shi kaɗai. Mutum ya sayo abin shuka ya jingina a ɗaki, amma ban gane ba.

Shamuwa ta dawo ta sauka a kan kukar bayan unguwa. Gabas ta fara haɗa hadari yana watsewa. Ran nan da hantsi aka saki ruwa mai ƙarfi, ƙasa ta yi ƙanshi, yara suka fita tsakar gida suna tsalle. Baba yana bakin zaure, ya miƙa hannu ya damƙi ƙasa ya murza. Da na kawo masa abinci ya ce, "Wannan na shuka ne. Gobe zan tafi gida."

Na dire kwanon da ƙarfi har miya ta zuba. "Wane gida? Baba, da wace ƙafar? Maganin fa? Wa zai dafa maka? Likitan gashi bai sallame ka ba!"

"Gwaggonki tana nan, za ta dafa. Magani a aljihu yake tafiya." Ya dubi ruwan da ke zuba daga indararo. "Kin yi ƙoƙari, Malama. Allah Ya yi miki albarka. Amma gona ba ta san an yi ciwo ba."

Na kira maigidana a waya ya roƙe shi, Baba ya yi ta godiya yana sa albarka, bai sauya ba. Na ce to a bari a samo mota har gida, ya ce a'a. Na ce to keke zuwa tasha, ya ce tashar da ke nan kusa?

Da safe muka fita, yana gaba da sanda da sungumi, ina baya da jakarsa a ka. Ƙasa a jiƙe, ƙananan malam-buɗe-littafi rawaya sun fito daga inda ban sani ba suna bin gefen hanya. Mai shayi ya ɗaga hannu, masu wankin mota suka yi masa Allah Ya kiyaye.

Motar ƙauyenmu doguwar bas ce mai matakala mai tudu. Kwandasta ya karɓi jaka da sungumi ya cusa a baya, ya miƙo hannu zai jawo Baba. Baba ya girgiza kai, ya ba shi sandar a maimakon hannu. Ya kama ƙarfen ƙofa, ya yi bismilla, ya ɗaga ƙafar dama. Nauyinsa gaba ɗaya ya koma kan ta hagu, ƙafar da na yi wata da watanni ina roƙa mata lafiya a kowace sujada.

Na kafa mata ido. Allah Ya yafe mini, a lokacin nan so na yi ta ɗan girgiza, ko kaɗan ne, in samu abin da zan riƙe in ce a sauko a koma gida.

Ba ta girgiza ba. Ya hau, ya zauna a bakin taga, aka rufe ƙofa.